Katin Maigida, Akwatin Auta

Fuskar ɗan wasan ce ta fara narkewa. Ina zaune a bakin ƙofar falo ina tsintar shinkafa, sai na ga mutumin da ke cikin allon kwamfuta ya juyo, hancinsa ya miƙe kamar an ja cingam har ya taɓo ƙasa. Daga nan koren ɗigo-ɗigo suka watsu a saman hoton. Hoton ya tsaya cak, ya zabura, ya sake tsayawa.

Ƙanina Auta ya cire abin kunnensa ya ajiye a kan tebur.

"Yallaɓai," ya ce, "taso ka ga abin arzikin da ka sayo mana."

Maigidana yana kwance a doguwar kujera, ko ɗagowa bai yi ba. "Katina lafiyarsa ƙalau. Tsohon akwatinka ne ke tari. Abin da ya girmi aurena da yayarka!"

"Kafin ka kawo gwanjon nan, akwatina bai taɓa ja wa mutum hanci har ƙasa ba."

"Da me yake zanawa? Mutane kamar an yanko su da almakashi."

Na ci gaba da tsintar shinkafata, ko da yake babu sauran tsakuwa a ciki.

Auta ya dawo wurinmu ne bayan rasuwar Mama. Daga ni sai shi muka rage. Maigida da kansa ya kwashe tarkacen ɗan ɗakin da ke kusa da kicin ya sa masa katifa. Ɗakin bai ɗauki tebur ba, shi ya sa kwamfutar ta zauna a lungun falo. Auta ne ya haɗa ta da hannunsa tun yana gida, yau ya samo wannan, wata rana ya samo wancan. Wasan harbe-harbe yake yi, mutane suna kallonsa ta intanet. Da farko maigida tsiya yake masa, yana kiransa ɗan lelen yayarsa, shi kuma ya rama da Yallaɓai. Daga baya maigida ya ɗanɗana wasan tseren mota, ya zama in ya dawo daga tuƙin motar kai kaya, ko takalmi ba ya cirewa sai ya yi zagaye. Lokacin in suka fara tsokanar juna har sai cikina ya yi ciwo don dariya.

Sai wata rana da Auta ya fita, maigida ya buɗe akwatin ya zare katin hoto, wato abin da ke zana duk abin da ake gani a allo. Ya kai wa wani mai sayar da kayan hannu, ya yi ciko, ya karɓo wani ƙato mai fankoki uku. A ransa kyauta ce ya yi. Auta ya dawo ya tarar da baƙon abu a cikin kwamfutarsa, nasa kuma ya tafi ke nan. Ya yi godiya, amma haƙoransa a haɗe suke. Tun daga ranar sunayen nan biyu suka daina zama wasa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kira Dogo mai gyara. Ya zo da rana da jakarsa a kafaɗa, yana sunkuyar da kai a ƙofa. Zuwa lokacin mutanen nawa ba sa zama wuri ɗaya. Auta ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa, maigida ya tsaya a kan Dogo. Ni kuwa ina gefe a kan tabarma ina yi wa yarinyata kitso. Mutane sukan manta ina wuri, ni ma ban cika tuna musu ba.

"Tambayata ɗaya ce," in ji maigida. "Me ke sa wasan yana tsayawa yana zabura?"

Dogo ya danna wasu abubuwa, ƙananan lambobi suka fito a kusurwar allo. Ya shiga wasan, ya kai ɗan wasan wani fili da babu kowa, komai ya tafi sumul. Ya juya da shi cikin kasuwa mai cike da mutane da motoci, nan take hoton ya fara ɗingishi.

"Oga, dubi nan. Wannan layin na furosesa ne, ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ka ga ta cika maƙil, ba ta da sauran numfashi. Wannan kuma na katinka ne, ko rabin ƙarfinsa bai taɓa ba."

"Ma'ana?"

"Bari mu tabbatar." Ya rage kyawun hoton har ya koma dishi-dishi. "Da katin ne ya gaza, yanzu da na sauke masa kaya sai gudu ya ƙaru. Ka ga ya ƙaru?"

"Bai ƙaru ba."

"To ka gani. Kai direba ne. Kamar an ba ka babbar mota ce sabuwa, amma mai lodi mutum ɗaya ne, kuma tsoho. Motar tana tsaye tana jiransa."

Maigida ya buga tafi. "Tsoho! Maimaita da ƙarfi, akwai masu kunne a bayan ƙofa." Ya ɗauki makullinsa ya fita yana fito, don an kira shi wurin aiki.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Auta ya fito.

"Malam Dogo, bar zancen mai lodi. Ɗigon nan da hancin da ke miƙewa, daga ina suke?"

Dogo ya goge manhajar katin gaba ɗaya ya sa sabuwa. Ya canza wayar da ke zuwa allo. Ya duba ko katin ya zauna daidai a raminsa. Sannan ya kunna wani gwaji da ya sa fankokin suka fara kuka kamar injin niƙa. Da katin ya ɗauki zafi, sai ga ɗigon sun fito, har da baƙaƙen murabba'ai suna ƙyaftawa. Ya kashe, ya haska ciki da fitilar waya.

"Dubi kan kusoshin nan, duk sun cinye. An sha buɗe katin nan. Ya sha wuya a hannun wani kafin ya zo nan, ma'ajiyarsa ta gaji. Furosesa ba ta zana ɗigo, ƙanina. Wannan aikin kati ne."

Auta ya yi wata dariya mara daɗi. "Na faɗa! An sayo mana gawa an sa mata fankoki."

Da Dogo zai tafi na bi shi ƙofa da kofin ruwa. Maganar yadda ya gaya wa kowa rabin gaskiya tana bakina, amma abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki." Ya sha, ya dube ni, ya gane.

"Anti, ni abin da aka tambaye ni nake amsawa. Dukansu masu kawo mini aiki ne."

Da yamma na ajiye abinci, ga mamakina duka biyun suka zauna. Kowa ya zo da fara'arsa, kowa yana jiran ɗayan ya sunkuyar da kai.

Maigida ne ya fara. "To ɗan lele, yaushe za a kai tsohuwar gidan hutu?"

"Wace tsohuwa? Dogo ya ce katinka mushe ne."

"Dogo ya ce katina ko rabin ƙarfinsa bai taɓa ba."

"A gabana ya haska shi. Ya ce an sha buɗe shi."

"Ƙarya kake."

Cokalin Auta ya tsaya. "Ni ba na ƙarya. Wanda ya buɗe kayan mutum ba ya nan, shi ya kamata a tambaya."

"Ɓarawo kake kirana?"

"Ni ban faɗa ba. In ka ji a jikinka, to."

Yarinyata ta lallaɓo ta shige bayana. Na ce, "Don Allah ku ci abinci," amma muryata ko ni ban ji ta sosai ba.

"A gidana!" Maigida ya ture kwanon. "Kana cin abincina, kana shan wutata dare da rana, kujerar da kake zama ma tawa ce, sannan ka dube ni ka ce na yi sata na yi ƙarya?"

"Ni ma ban roƙi kati ba. Nawa yana aiki, ƙarami ne amma bai taɓa kunyata ni ba. Jiya mutane suna kallona fuska ta narke, suna ta turo mini dariya. Rabinsu sun watse."

"Su watse mana! Aiki ne wannan? Ƙato da kai kana harbin aljanu a allo."

"Wa ke zama har abinci ya huce yana tseren mota? Kuma kullum na ƙarshe!"

Wannan ta shige shi fiye da zancen sata. Ya miƙe tsaye.

"Gobe da safe za mu ɗauki kwamfutar nan mu kai shagon Dogo, ya faɗa a gaban kowa. In ni na yi ƙarya, zan durƙusa in ba ka haƙuri a tsakiyar titi. In kai ne, ka tattara kayanka. Ba na zama da mai ƙaryata ni."

"Na yarda," in ji Auta.

Ko kallona babu wanda ya yi. Na kwashe kwanukan cike kamar yadda na kawo su. A kicin na tsaya ina kallon ƙofar ɗan ɗakin. Na san halin Dogo. In aka matsa shi a gaban mutane, zai dubi wanda ya fi girma ya ba shi gaskiya, kuma ba ƙarya zai yi ba, rabin zai faɗa ya haɗiye rabin. Auta kuwa ba shi da inda za shi sai ɗakunan abokai.

Da safe na shirya yarinyata na kai ta makaranta, ban koma gida ba. Na bi layin masu gyaran waya har na ga shagon Dogo. Na wuce shi, na dawo, na sake wucewa. Da ya ɗago ya gan ni, dole na shiga. Shagon ƙunci ne, allunan kwamfuta jingine a bango, wayoyi rataye kamar igiyar shanya, ga warin dalma.

"Anti, lafiya? Ko ta ƙara lalacewa?"

"Suna zuwa," na ce. Na gaya masa sharaɗin da aka yi, idona a kan wani kwalin kusoshi.

Ya dafe kai. "Kai! Ni fa mai gyara ne, ba alƙali ba. Ki ce musu na tafi sayo kaya."

"In ka tafi, gobe za su zo."

"To me kike so in yi? In ce wa Oga an cuce shi a gaban ƙanin matarsa? Shi ya haɗa ni da ofishinsu, duk kwamfutocinsu ni ke dubawa."

"Ba sai ka ce komai ba." Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. "Kana da kwamfuta mai ƙarfi a nan?"

"Ga ta can."

"Kana da kati mai lafiya?"

"Akwai na gwaji."

"To ka sa na maigida a taka, ka sa naka a ta Auta. Su gani da idonsu. Kai ka yi shiru."

Ya juya sukudireba a hannu. "Haka dai ake yi dama," ya ce a hankali. "Jiya ma abin da ya kamata in yi ke nan." Ya jawo mini kujera. "Zauna daga ciki. In suka fara jifa, allunan nan ba nawa ba ne."

Suka iso, Auta rungume da akwatin, maigida a gaba hannu a aljihu. Da ya gan ni ya ɗaure fuska.

"Ke kuma me ya kawo ki?"

"Hanya ce ta biyo da ni."

"Ta zo taya ɗan'uwanta," ya ce wa Dogo.

"Ta zo taya mijinta dai," in ji Auta. "Jiya da ake zagina ta ce uffan?"

Masu shagunan gefe sun ji hayaniya, suka fara leƙowa. Dogo ya jawo akwatin gabansa. Ya kwance katin mai fankoki uku ya sa a kwamfutar shago, ya ɗauko nasa ya sa a akwatin Auta. Ya jera alluna biyu gefe da gefe, ya kunna wasa ɗaya a kowanne, ya kai 'yan wasan cikin kasuwar nan mai cunkoso.

A allon Auta hoto ya fito tas, babu ɗigo ko ɗaya. Amma da mutane suka yi yawa, sai ya fara tsayawa yana zabura.

"Ga shi nan!" Maigida ya nuna da yatsa. "Jama'a ku shaida! Babu katina a ciki, kuma ga ta tana ɗingishi. Wa ya yi ƙarya?"

A ɗaya allon kuwa wasan gudu yake kamar ruwa. Babu tsayawa, babu ɗigo.  Auta ya ƙura wa allon ido, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ka gani ko?" Maigida ya juya ga masu leƙe. "Kati kamar doki. Ɗan lele, akwai buhu a bayan mota, zan ara maka ka zuba kayanka."

"Malam Dogo, ka faɗa masa abin da ka gaya mini jiya!" in ji Auta.

Dogo ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

"A bari ya yi zafi," na ce.

"Me kika ce?"

Duk idanun shagon suka dawo kaina. Na sake faɗa. "Jiya sai da fankokin suka yi kuka sannan ya fito. A jira."

Aka jira. Maigida yana kaɗa makulli a yatsa. Fankokin suka fara ɗaga murya. Sai ɗigo ɗaya ya fito a goshin ɗan wasan, kore shar. Wani ya biyo. Kafin a ce haka sun rufe allon, hannun mutumin ya miƙe ya ratsa bango, wata mota ta koma baƙin murabba'i.

Wani mai gyaran waya ya fashe da dariya a bakin ƙofa. "Oga, wannan dokin naka ƙyanda yake yi!"

Dogo ya fito daga ƙarƙashin tebur. "To kun gani. Ciwo biyu ne, kowanne da gidansa. Tsayawar daga furosesa ce, ta yi wa katin ƙanƙanta. Ɗigon daga kati ne. Babu wanda ya yi ƙarya."

Na sauke numfashi. A zatona an gama. Babu mai durƙusawa, babu mai tattara kaya, sai mu koma gida in ɗora tukunya.

Maigida ya juyo gare ni. "Wato tun jiya kin sani, kika bari na zo na tsaya a gaban mutane?"

 Ya goge wuyansa da hankici, ya dubi ƙasa, ya dubi titi. Can ya ce, ba tare da ya kalli Auta ba, "To shi ke nan. Tunda haka ne, ka zauna. Ɗauko akwatin mu tafi."

Auta bai motsa ba. Na ɗauka zai yi dariyar nasara, amma fuskarsa babu komai.

"Yallaɓai, in tambaye ka. Da ɗigon nan bai fito ba fa?"

"Ai ya fito."

"Da katin bai yi zafi ba. Da Dogo ya kashe da wuri. Yanzu ina cusa kayana a buhunka ke nan?"

"Kai ka amsa sharaɗin da bakinka."

"Na amsa. Ina jira in ji ka ce wasa kake yi. Har buhu ka tanada."

 Da maigida ya ce wasa ne, ko na ƙarya, da an wuce wurin. Na dube shi ina roƙonsa da ido. Sai ya ce, "Gidana ne. Ba zan tsaya ina yi wa yaro bayani ba."

Auta ya gyaɗa kai. "Malam Dogo, cire katinka. Nasa kuma miƙa masa abinsa."

"Ƙanina, akwatin nan babu kati ko haske ba zai kawo ba."

"Na sani. Nawa ne dai."

Dogo ya kwance, ya rufe murfin, ya ɗaure kusoshin. Ya sa katin mai fankoki uku a leda ya miƙa wa maigida. Maigida ya karɓa, da sauran zafinsa, ya sauya hannu, ya fita zuwa mota.

Na bi Auta waje na riƙe gefen rigarsa. "Auta, ya ce ka zauna. Ka ji da kunnenka."

"Na ji, Yaya. Sai ran da wani abu ya sake lalacewa a gidan, a sake kawo ni shago."

"Ina za ka?"

"Wurin abokina, bayan tashar mota. Akwai tabarma. Kayana ki haɗa mini, zan zo in ɗauka in ya fita aiki."

"Ko karyawa ba ka yi ba."

"Sakar mini riga, mutane na kallo."

Na saki. Maigida ya danna hon, ya sake dannawa ya riƙe. Auta ya ɗora akwatin a kafaɗa ya tsallaka titi, wayar wuta tana reto a bayansa. Na tsaya har wata babbar mota ta shiga tsakaninmu.

Da na shiga mota, ledar katin tana kan kujerata. Maigida bai ɗauke ba, ni ma ban taɓa ba. Na rufe ƙofar gaba, na buɗe ta baya na zauna.